Hadarin Kawu a Bayan Labule

Kawu yayan mahaifiyata ne, kuma kafin a san shi da wani abu, mai liƙi ne. Rumfarsa tana bakin titin da ya ratsa garinmu, tsakanin shagon mai aski da wata bishiya da ta karkata kamar mai satar jin hira. Bokitin da ya huje, butar da bakinta ya cire, fitilar da ke yoyo, duk wurinsa ake kai su. Yana zama a kan guntun benci, kaskon gawayi a gefensa, ƙarfen liƙi a cikin wuta. Idan ya gama liƙe bokiti ba ya zuba ruwa ya gwada kamar yadda kowa ke yi. Ɗaga shi yake yi kusa da kunnensa, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya lumshe ido. In ya ji abin da yake so ya miƙa maka kayanka. In bai ji ba, ya mayar da ƙarfe wuta.

Yana da i'ina mai nauyi. Kalma ɗaya takan tsaya masa a maƙogwaro har mai sauraro ya ji kamar ya sa hannu ya ciro masa ita. Don haka tun yana saurayi ya koyi yi wa magana rowa. Sai kuma Allah ya haɗa shi da matar da duk garin ke kira Inna Rediyo. Ita tun daga buɗe ƙofa da safe take farawa. Ta yi da kaji, ta yi da maƙwabta ta saman katanga, ta yi da tukunya in ta ƙi tafasa.

"Nawa da nasa na haɗa nake amfani da su," takan ce. "Ina dalili a bar magana ta lalace a gida?"

'Ya ɗaya Allah ya ba su, ta auri direban bas ɗin da ke zirga-zirga tsakanin garinmu da birni. A lokacin da nake ba da labari, bas ɗin fita yake yi cike ya dawo wayam. Samari sun tafi neman aiki, 'yan mata sun bi mazajensu. Kana tafiya a lungu sai ka ga gida da kwaɗo, gida da kwaɗo, ciyawa ta fito a bakin ƙofa. Da rana tsaka garin kan yi tsit, ba ka jin komai sai ƙwanƙwasar Kawu daga nesa, kamar agogon da aka manta a ɗakin da ba kowa.

A wannan hali ne Malama ta dawo gida. Ta yi shekaru tana shugabantar makaranta a wani wuri, ta yi ritaya, ta dawo da akwatunan littattafai da ciwon gwiwa. A ƙarshen gari akwai wani tsohon siton auduga, dogo, mai rufin kwano, wanda tantabaru suka gaje. Malama ta nemi izini aka ba ta shi. Ta sa aka share, kafinta ya haɗa dandamali da bencina, ta ɗinka labule da tsofaffin zannuwan gado da ta rina shuɗi. Ta ce za a riƙa wasan kwaikwayo bayan an gama girbi, ko garin ya samu abin da zai tashe shi daga barci.

Wasansu na farko labarin wani matafiyi ne da hadari ya rutsa da shi a daji. Mai aski ne matafiyin, don shi dama ko aski yake yi sai ya haɗa da wasa. A wajen gwaji ya ɗaga hannu sama ya yi ihu, "Wayyo, ga hadari ya taso!" Sito ya yi shiru. Wata tantabara ta yi kuka daga saman rufi. Duk aka fashe da dariya, har da Malama, amma ita tata dariyar ba ta kai ciki ba.

Washegari ta kawo wa Kawu butar shayinta. Tana tsaye tana jira, sai ya tashi ya janye wani fallen kwano da ya jingine a bayan rumfa, don ya tare masa haske. Kwanon ya lanƙwasa ya miƙe, ya yi wani rugugi mai zurfi. Malama ta ɗaga kai ta dubi sama. Ba ko ɗigon girgije.

"Sake yi in ji," ta ce.

Kawu ya dube ta, ya dubi kwanon. Ya riƙe shi ta gefe biyu, ya girgiza a hankali. Cida ta taso daga nesa, ta matso, ta matso, sai ya fizge shi da ƙarfi, tsawa ta faɗi a tsakiyar titi. Wani mutum da ke kan kujerar mai aski ya zabura da kumfa a rabin fuskarsa.

Da yamma Kawu ya gaya wa Inna cewa Malama ta ce ya shiga wasa. Sai da ya ɗauki lokaci kafin zancen ya gama fita.

"Kai?" in ji Inna. "Kai da ko gaisuwa sai an ja ka da igiya?"

"A b-bayan labule."

"Af, to. Ashe ta san ka."

Haka ya samu lungunsa, a hagun dandamali, inda hasken taga ba ya kaiwa sosai. Ya rataye fallen kwanon da waya daga jikin katakon rufi. A hankali lungun ya cika. Akwai tsohon ƙyaure mai tsatsa da ya tsinto, wanda ke kuka iri biyu, na shigowar baƙo da na shigowar ɓarawo. Akwai akwatin yashi da takalma marasa 'yan'uwa, don takun tafiya. Ya ɗaura wani yadi mai kauri a kan gargaren keke, in ya juya shi sai iska ta taso. Usur a cikin kofin ruwa ya zama tsuntsun safiya. Amma ruwan sama shi ya fi ba shi wahala. Ya gwada yashi a kan faranti, ya ce wannan suya ce. Ya gwada tsakuwa, ya ce ƙanƙara ce. Ya yi ta canzawa, yana zubawa yana kasa kunne, har Inna ta fara ɓoye farantanta a ƙarƙashin gado. Daga ƙarshe ya samu abin da yake nema da ƙwayar hatsi da yake saki ta tsakanin yatsunsa a kan wata busasshiyar fata da ya ɗame a bakin kwano. Bai tsaya nan ba. Ya ce ruwa ba ya ƙarewa haka kwatsam, sai indararo ya gama kukansa. Sai ya huda gwangwani ya rataye a saman tasa, ɗigo yana faɗowa ɗaya bayan ɗaya.

Ina cikin siton ranar da aka fara nuna wasan. Rani ya riga ya shigo, ƙasa ta bushe ƙamas. Mai aski ya ɗaga hannu ya kira hadari, hadari kuwa ya amsa. Iska ta kaɗa labule, cida ta zagaye bango, sai yayyafi ya fara, siriri, kamar yana neman izini. Can sai ga ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya ratso bencina. Ashe Kawu ya tanadi tire cike da busasshiyar ƙasa, ya yayyafa mata ruwa yana fifita ta da kwali. Na ga tsofaffi sun lumshe ido. Wata maƙwabciyarmu ta miƙe zumbur, ta ce, "Na shiga uku, shanyata!" Ta kai bakin ƙofa kafin rana ta dalle mata ido, ta dawo tana rufe fuska da mayafi. Tun daga ranar ba a ƙara ce wa Kawu mai liƙi ba. Sai dai Baba Hadari.

Bai so sunan ba da fari. Ya ce shi ba ya kawo ruwa, kwaikwayo kawai yake yi, kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Amma suna in ya kama mutum a garinmu sai dai haƙuri.

'Yan garin da ke birni su suka fara zuwa kallo, suka koma suka ba da labari. Shekara ta zagayo suka zo da abokai, abokan suka zo da nasu. Ni a lokacin mijina ya rasu, na dawo gidan mahaifina mai ɗakuna da yawa ba kowa a ciki. Na share, na sa labule da shimfiɗa, na fara saukar baƙi. Sai dai abin na ɗan lokaci ne. Da an gama wasannin bayan girbi, a rufe sito, bas ya koma dawowa wayam, tantabaru su karɓi gidansu. Garin kan zama kamar wanda aka tasa daga barci aka nuna masa mafarki mai daɗi, aka ce koma ka kwanta.

Malama ce ta tara mu a siton wata rana da la'asar, ta ce tana so a riƙa wasa duk shekara, kowane ƙarshen mako, ba hutu.

"Da damina fa?" in ji mai aski. "Gona za mu je ko dandamali? Kuma in ruwa ya sauka a kan kwanon nan, ko ihu kake yi ba mai jin ka."

"Da bazara kuma gasa baƙin za mu yi," wata ta ce. "Siton nan tanda ne."

Aka yi ta ja-in-ja har inuwa ta miƙe. Kawu yana zaune a ƙarshen benci yana jujjuya wani ƙusa. Malama ta ce, "Baba Hadari, kai ba ka ce komai ba."

Ya buɗe baki, muka jira shi.

"Da z-zafi, mu ba su ruwa," ya ce. "Da r-ruwa, mu yi shiru."

A kan wannan aka gina shekarar. Da bazara akan buɗe manyan ƙofofin siton biyu, a rataya jiƙaƙƙun buhuna a tagogi, a yi wasannin kogi da hadari da inuwar kurmi idan rana ta yi sanyi. Mutane su fito daga birni da zufa, su zauna, Kawu ya yi musu ruwa har su ji tsigar jikinsu ta tashi. Da damina kuwa a yi noma da safe, da yamma a yi wasan da ba magana a ciki, sai rawa da kiɗa da motsin jiki, yadda ko ruwa ya kece ba a yi asarar komai ba. Lokacin sanyi na labaran ban dariya ne da waƙa, kowa ya zo da bargonsa. Manyan labarai masu tsawo aka bar wa kaka.

Ranar da ruwan gaske ya sauka ana tsakiyar wasa, Kawu yakan naɗe hannu a lungunsa, ya jingina kai da bango. Na taɓa leƙa shi na tambaye shi ko barci yake yi.

"A'a," ya ce, yana nuna rufi. "Mai abin ya k-karɓi kayansa. Ina koyo."

Garin ya canza ba tare da mun lura da ranar da ya canza ba. Aka fara cire kwaɗo daga ƙofofi. Wani ya dawo ya buɗe shagon shayi a gaban siton, wata ta dawo da keken ɗinkinta don kayan 'yan wasa. Manomi da ka gani da safe da laka har gwiwa, da yamma ka gan shi ya zama alƙali ko ɗan fashi, kuma washegari baƙi su tare shi a hanyar gona suna gaishe shi da sunan da ya ɗauka a wasa. Surukin Kawu ya sa aka zana labule shuɗi a bayan bas ɗinsa. Baƙi kan kwana a gidana, da safe su fita yawo cikin gonaki da duwatsu, suna tafiya a hankali kamar ba su gama fitowa daga labarin jiya ba.

Akwai wata dattijuwa da ke zuwa duk bazara, ita kaɗai, da ƙaramar jaka. Takan zauna a bencin da ya fi kusa da lungun Kawu, kuma ba ta kallon dandamali sam. Rufe ido take yi. Wata safiya ina zuba mata shayi ta ce mini, a benen da take zaune a birni, ko ruwa ya kwana yana zuba ba ta ji, sai dai ta gan shi a gilashin taga. Ta ce ruwan da ake yi a siton nan irin na ɗakin mahaifiyarta ne, har da ɗigon nan na ƙarshe da ke sauka a tasa. Ta roƙe ni in kai ta ta ga mai yin sa. Na kai ta rumfa, amma Kawu na hango mu ya zame ta baya, ya bar ƙarfe a wuta. Da na yi masa ƙorafi daga baya, ya ce in ta ga tsoho da fata da hatsi, ruwan ya lalace mata.

Shekaru suka tafi a haka. Abin da ya fara nuna mana akwai matsala bokitina ne. Na kai masa ya liƙe, ya ƙwanƙwasa, ya miƙo mini, na je gida na zuba ruwa ya tsiyaye. Ban gaya wa kowa ba. Sai Inna ta fara cewa in ta kira shi daga ɗaki ba ya amsawa, ta ɗauka sabon salon rainin hankali ne. Ashe ƙarar guduma ta shekara da shekaru ce ta zo karɓar hakkinta.

Abin ya fito fili a wani wasa na lokacin sanyi. Mai aski ya durƙusa gaban wadda yake so a labarin, ya sassauta murya yana gaya mata abin da ke ransa. A daidai wurin nan tsuntsu ne ya kamata ya yi kuka. Sai tsawa ta faɗi, har bencina suka girgiza. Mai aski bai ko ƙifta ido ba, ya nuna sama ya ce, "Kin ji ko? Har can an shaida." Sito ya ɗauka da dariya da tafi, baƙi suka ɗauka haka aka tsara. Kawu bai ji dariyar ba. Ta gefen labule ya ga kafaɗun mutane suna rawa a wurin da bai kamata su yi rawa ba, ya gane.

Bai jira an ce masa komai ba. Washegari ya je ya lulluɓe kayansa da buhu, ya gaya wa Malama ya gama. Ta roƙe shi, ta rubuta masa a tafin hannunta da ɗan yatsa cewa ba komai, ya girgiza kai. Dole ta sa aka kawo na'ura daga birni mai ɗauke da kowace irin ƙara, aka haɗa da lasifika. Gaskiya na'urar ta yi aikinta, baƙi ba su daina zuwa ba. Sai dai ruwanta iri ɗaya ne kullum, jiya da yau. Mai aski ya ce shi abin da ke damunsa, ba ta jiran numfashinsa. Da can in ya ja shiru ya yi tsawo, cida kan jira shi. Yanzu shi ke bin ta a guje.

Kawu ya koma rumfa, amma aikin ma ya rage, don yanzu sai ya zuba ruwa ya gwada kamar kowa, kuma hakan na ɓata masa rai. Ya rame. Yakan zauna da ƙarfe a hannu har ya huce bai liƙa komai ba. Ranar wasa in ya ga bas ya sauke mutane sun nufi sito, sai ya juya bencinsa ya fuskanci bishiya.

Duk shekarun nan Inna ba ta taɓa shiga siton ba. Takan ce, "Me zan je kallo? Ni da nake da wasa a gida kyauta." Amma wata safiya ta yafa mayafi ta tafi gidan Malama, ta same ta tana shafa wa gwiwarta magani.

"Malama, kunnen mutumin nan ne ya mutu, hannunsa na nan da rai. Ni kuma kunnena har ya yi mini yawa. Ki ba ni kujera kusa da shi."

Malama ta dube ta da kyau. "Inna, kin san a bayan labule ba a magana? Ko tari sai an haɗiye."

"Na sani."

"Tun daga farkon wasa har ƙarshe fa."

"Na ce na sani, Malama, kada ki sa in fasa."

Da labari ya bazu, mai aski ya ce shi wannan ne wasan da zai so ya kalla a rayuwarsa, Inna Rediyo a kashe. Shawo kan Kawu ya fi komai wuya. Inna ta yi ta yi da shi ya ƙi. Daga ƙarshe ta je da kanta ta kwance fallen kwanon daga siton, ta ɗauko shi a ka ta ratsa titi da shi yana ta rugugi, ta jingine masa a gaban rumfa. Ta kama hannunsa ta ɗora a kai, ta buga kwanon da ƙafa. Ya ji rawar ƙarfen ta bi hannunsa ta hau har ƙirji. Ya daɗe bai ɗauke hannun ba.

Haddace wasannin bai ba ta wuya ba, dama ita duk abin da ya shiga kunnenta ya zauna. Suka shirya alamunsu su biyu. In ta ɗora hannu a gwiwarsa, ya fara. In ta matsa, ya ƙara ƙarfi. In ta ɗauke, ya tsaya. Daga baya alamun suka yi yawa har ba mai gane su sai su. Nakan leƙa in gan su a cikin duhun lungun, tsoho da tsohuwa a kan benci ɗaya, ita ta miƙa wuya tana sauraro, leɓɓanta na bin maganar 'yan wasa ba sauti, shi kuma idonsa a rufe, hatsi na zuba ta tsakanin yatsunsa. Ruwan ya dawo, har ya fi na da can taushi, don yanzu mutum biyu ke yin sa.

Maganar da ta tara a lokacin wasa kuwa, a hanyar gida take sauke ta. Tun daga ƙofar sito har gida tana zuba, wane ya manta layinsa, wance ta sa zani a karkace, shi kuma yana gefenta ba ya jin ko ɗaya, yana gyaɗa kai daidai inda ya kamata.

Wasan ƙarshe da Malama ta tsara kafin gwiwa ta zaunar da ita, labarin wata mata ce da ke jiran jirgin mijinta a bakin teku. Teku kuwa, in ka cire Malama da surukin Kawu, ba wanda ya taɓa ganin sa a garinmu. Malama ta ce a yi amfani da na'ura a wannan kaɗai. Kawu ya ƙi. Inna ta shiga bin baƙi tana tambaya, har ɗakunan gidana take biyo su.

"Ɗana, ka taɓa zuwa teku? Yaya kukansa yake?"

Wani ya ce kamar iska a cikin gonar da ta bushe. Surukinsu ya ce kamar babbar mota ce ke numfashi a kan tudu. Wata ta ce kamar mutum mai nauyin barci. Inna ta kwaso duka ta kawo gida. Da yake ba ta da hanyar sa shi ya ji kukan, sai ta zaunar da shi ta shimfiɗa tafin hannunta a bayansa, ta tura sama a hankali, ta ɗan tsaya, ta jawo ƙasa da yatsu a buɗe. Ta yi ta maimaitawa. Shi kuma ya ƙera wani dogon kwano kamar kwale-kwale, ya zuba tsakuwa ƙanana da yashi, yana karkata shi yadda hannunta ke tafiya a bayansa. Da aka nuna wasan, wasu baƙi da suka fito daga bakin ruwa suka ce har sun ji gishiri a leɓe.

Kawu bai gamsu ba. Ya ce yabo ne irin na baƙo. Duk sauran kayansa ya taɓa jin na gaskiyarsu, wannan kaɗai ne ya ƙera a kan jita-jita. Ya yi ta nanata zancen, shi da ba ya nanata komai, har surukinsa ya ce to a shirya. Muka tafi mu huɗu, da ni don in kula da tsofaffin. Tafiya ce mai nisa. Gonaki suka ƙare, duwatsu suka ƙare, itatuwa suka canza kama, iska ta yi nauyi da danshi. Kawu yana manne da taga kamar yaro.

Mun isa da hantsi. Muka bi wani lungu tsakanin rumfunan masunta, muna fita sai ƙasa ta ƙare. Inna ta ja ta tsaya, ta riƙe mayafinta, kuma karo na farko a sanina ba wanda ya ce ta yi shiru amma ta yi. Kawu ya cire takalmi ya bar su nan, ya taka har inda yashi ya jiƙe. Ya tsaya yana kallon ruwan yana tasowa, yana naɗewa, yana faɗuwa, duk a cikin shirun da shi kaɗai ke ciki. Sai ya durƙusa ya dafa yashi da hannu biyu. Kumfa ta zo ta rufe masa wuyan hannu ta koma. Ya zauna a haka har wandonsa ya jiƙe sharkaf.

Can ya waiwayo ya yafito Inna. Ta zo tana ɗaga zani tana mita da yashi. Ya nuna tekun, ya nuna ƙirjinsa, ya kafa wa bakinta ido.

"Ya yi k-kama?"

Inna ta karkata kai ta saurara da gaske, kamar yadda take yi a bayan labule. Ta daɗe. Sannan ta matso da fuskarta kusa da tasa, ta buɗe baki sosai yadda zai karanta.

"Ya yi. Amma naka ya fi tarbiyya. Wannan ko an ɗauke hannu ba ya tsayawa."

Kawu ya yi dariya har ya zauna daɓas a cikin ruwa. Ban taɓa jin dariyarsa da ƙarfi haka ba, kuma ba i'ina a cikinta ko kaɗan.

Da muka dawo bai canza komai a kwanon ba, illa ya ƙara wani ɗan jinkiri kafin tsakuwar ta koma, wanda ya ce ya ji a hannunsa. Ya yi wasu shekaru yana aiki, har hannun ya fara rawa. Wata mata cikin 'yan wasan, wadda ta gaji da fitowa gaban mutane, ta koma lungun ta karɓa a hankali. Kawu ya rasu a gida da rana, bayan gajeriyar jinya, Allah ya jiƙansa. Har yau ana wasa a siton kowane mako, bas yana zuwa cike.

Inna ta dawo gidana da zama, don ta ce gidan 'yarta ya yi mata shiru. Da safe takan sa kujera a bakin ƙofa, duk baƙon da ya fito da kofin shayi ya shiga hannu. Labarin tafiyarmu take ba su, kuma kullum tekun ƙara girma yake yi. Makon jiya na ji tana gaya wa wasu ma'aurata cewa da ruwan ya hango Kawu, sai da ya ja da baya ya ba shi hanya.

"Inna," na ce daga ciki, "ina wurin fa."

"Kina wurin, amma takalma kike gadi," ta ce. Ta juya ga baƙin. "Ku matso, ban ma zo wurin kifin ba."